Mai Riƙe Tsani

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa Malam Tanimun tsani.
Shi a sama, ni a ƙasa,
fentin da ya kuɓuce wa burushi
a hulata yake sauka.

Da hantsi yana jami'a da alli a hannu,
yana ba ɗalibai labarin maginan Birni
da suka zana dagi da yatsa tun laka tana ɗanya.
In la'asar ta yi sanyi sai ya tuɓe babbar riga,
ya ɗaure bokiti a bayan kabu-kabu,
mu nufi bangon da ya kwana a ransa.

A Garin Malam ya zana jarkoki,
rawaya, arba'in da bakwai, a layi,
bakin famfon da ya manta ɗigo.
Wata tsohuwa ta nuna da sandarta:
waccan mai tsagen, tawa ce.
Kwana uku, sai ga ma'aikatan magajin gari da farar ƙasa.
Ya tsaya har suka gama shafewa,
ya ce musu, kun bar kusurwa.

Abokan aiki suka ce, dakta guda a kan tsani?
Takardu ake ƙirgawa ranar ƙarin girma,
babu mai ƙirga bango.
Ya rubuta musu takardun cikin dare,
da shuɗi a ƙarƙashin farce.

Liman a Zango ya ce ba a zana mai rai.
Malam ya sha shayi da shi har kofi na uku,
washegari ya zana takalma kaɗai,
silifan 'yan dako na Kasuwar Dole,
masu cin dunduniya, masu ɗaurin waya.
Kowa ya gane ƙafar mai su.
Liman ma ya rage tafiya da ya zo wucewa.

Damina takan ci rabin aikinmu,
rana ta lashe saura.
Bai taɓa tsine musu ba.
Duwatsun garin nan, in ji shi, su ne kaɗai ba sa gaggawa.

Bana gwiwa ta fara yi masa gardama.
Jiya a matakala ta huɗu ya tsaya,
ya sauko a hankali,
ya miƙo mini burushi, ya ce, hau.

Ga ni a sama, Damagaram a buɗe har Karkada.
Tsanin yana rawa.
Ban sani ba, hannunsa ne
ko ƙafata.