Ƙaura a Daren Tartu

Ƙarfe biyun dare, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
Kaarel na hura hannuwansa, shayinsa ya huce.
Tsohuwar na'urar na tari kamar mai asma;
shekara goma sha huɗu tana goye da rumbun manhajarsu,
ko sannu ba a taɓa ce mata ba.

Sabuwar na gefe, baƙa wuluk, ba a jin numfashinta.

Maarja na karanto lambobin tantancewa,
shi yana amsawa: daidai, daidai.
Ana tsakiyar kwafi suka ci karo da Ülo,
wanda aka binne bara, hayin kogin Emajõgi.
Layi ɗaya ya bari:
"Wannan faci ne, gobe zan gyara."
Ba wanda ya goge.
Suka kwashe shi har da goben tasa.

Da asuba ta zare wayar.
Fankar ta juya sau uku, ta haƙura.
Shirun ya yi musu yawa.

Can sai saƙon farko ya faɗo sabon gida:
wata ce daga Recife, ta gyara waƙafi guda.
Ba ta ma san an tashi ba.