Sabon Bututu

A filin harbi, bayan barikin Tawa,
Ajidan Alkasum ya miƙo mini ita,
maiƙon masana'anta bai bar jikinta ba.

"Kar ki yi gaggawa. Harbi ɗaya, ki goge.
Sabon ƙarfe sabuwar tukunya ne,
sai ta sha wuta kafin a ba ta miya."

Na harba. Tantabaru suka watse daga kwano.
Na zare gidan harsashi, na leƙa, ba kowa,
na tura tsumma ta baya da siririn tsinke.
Na farko baƙi ƙirin,
na uku da shuɗin jan ƙarfe,
sai na bakwai ya fito fari tas.

Haka sau goma, har inuwa ta shige ƙafa.
Mai ɗigo biyu, ban da na uku,
rairayin Adar maiƙo yake nema.

Na ɗaga bututun ga haske,
layuka shida suna murɗawa zuwa ɗigon sama.

Ajidan ya ce tasa, shekara ashirin da shida,
takarda kaɗai ta taɓa hudawa.
Ƙasa-ƙasa ya faɗa, yana naɗe tsumma.
Na ce amin,
ko da yake ba addu'a ya yi ba.