Yatsun Mai Agashe

Asuba ta yi a Wad Madani.
Ladan ya kira, na ji shi sarai,
yatsuna ne ba su ji ba.
Suna nan a dunƙule bisa ƙirjina
kamar citta da aka tono aka manta a rana.
Sai Zulai ta kawo ruwan ɗumi a kwano
in tsoma su, in jira.
Wannan ya miƙe, wancan ya yi gardama,
babban kuwa sai an lallashe shi
kamar surukin da aka ɓata wa rai.

Shekara talatin da huɗu
ina feɗe nama falle-falle a bakin Nilu,
siriri har ka hango fitila ta bayansa.
In soka tsinke, in barbaɗa ƙuli da yaji,
direbobi na ihu, "Baba Tukur, ƙara biyar!"
Ban taɓa duban hannuna ba.
Wa ke duba kofaton jakin da ke tafiya?

Ran da wuƙa ta suɓuce ta faɗa toka
na ce gajiya ce.
Ran da maɓallin riga ya gagare ni
na ce iskar kogi ce.
Maƙwabci ya ce sammu, ya kawo turare.
Wanzami ya kafa min ƙaho a gwiwa,
jini ya fita baƙi wuluk,
ciwon bai bi shi ba.

A asibiti wata likita, Ihlas,
sa'ar 'yata ta uku,
ta ɗaga hoton ƙashina ga haske.
"Baba, ka san guringuntsi?"
Na yi dariya har gwiwa ta amsa.
Ni da na raba ƙafar sa da ta raƙumi?
Na san farin nan mai santsi a bakin ƙashi
inda wuƙa ke zamewa,
na san ɗan ruwan nan mai yauƙin kuɓewa.
Ta ce, "To, naka ya siɗe.
Ƙashi ke gogar ƙashi yanzu
kamar dutsen niƙa babu hatsi a tsakani.
Daga nan kumburin, daga nan zafin,
daga nan ƙarar da kake ji in za ka tashi."

Amosanin gaɓɓai, in ji ta.
Baƙo ne da ba ya sallama,
sai dai a koyi zama da shi.
Ta ba ni ƙwaya, ta ce in rage tumbi,
in riƙa takawa ko da zuwa bakin ruwa ne:
"Ƙofar da ba a buɗewa ita ke fara cijewa."

Gaɓa nawa na buɗe a duniya,
ban san tawa ma haka take ba.

Yanzu Mudassir ke riƙe da wuƙa.
Yankansa kauri, kamar tafin takalmi.
Ina zaune kan benci ina cije baki,
hannuna na yanka iska a kan cinyata.
Wani dare na karɓa don in gwada masa,
falle biyu na yi, gumi ya karyo.
Ya kau da kai, ya shiga fifita garwashi
kamar bai gani ba.
Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba ya cikin hoton.
Kujerar roba ce a ƙarshen sahu,
da goshina da ke kewar ƙasa.

Amma in an sallame
ina lazimi da gaɓoɓin yatsu yadda na saba,
uku-uku, daga ƙaramin zuwa babba.
Da can nakan ɓata lissafi,
hankali ya tafi kasuwa, ya tafi kuɗin gawayi.
Yanzu duk wadda na taɓa sai ta amsa.
Ban ƙara ɓata ko ɗaya ba.