Gwangwanin Masara

Makullai arba'in da biyu ne a ɗamarata,
tara kaɗai ke buɗe ƙofa da safe.
Sauran sun yi tsatsa a ƙuguna
kamar haƙoran da suka rasa abin tauna.

Shekara goma sha ɗaya ina gadin filazar nan
tsakanin Fizet da hanyar Kwangila.
Ina nan ranar da aka buɗe ta,
ana rabon lemo, janareta na ruri.
Ina nan ranar da janaretan ya yi tari ya yi shiru,
Alhaji Barau ya sayar da shi ya kai wa banki,
banki bai ƙoshi ba.

Benen sama tantabaru suka kama haya,
ba sa biya, ba sa kuma ƙorafin yoyo.
A ƙasa Obiora na goge talabijin
da ba wanda ya taya tun Kirsimeti.
Lantana ta jawo keken ɗinkinta bakin ƙofa,
ta ce hasken Allah ba ya zuwa da takardar biya.

Ran wata Talata sai ga mota mai baƙin gilashi,
mutum uku daga kamfanin gidaje da filaye.
Ba su dubi hajar kowa ba.
Ɗaya ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da makullin mota,
ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.
Macen cikinsu ta ce, "Baba Jatau,
mu ba bango muke saye ba, ƙafa muke saye.
Ƙirga mana masu shigowa, kwana bakwai."

Ban yi boko ba. Na samo gwangwanin madara.
Duk wanda ya ƙetaro ƙofa, ƙwayar masara ɗaya.
Ɗalibin Kongo mai neman hoton takarda, ɗaya.
Mai tambayar banɗaki, ɗaya.
Wanda ruwan sama ya koro, ɗaya,
har akuyar da ta biyo shi sai da na yi shawara a kanta.
Kwana shida, gwangwani bai kai rabi ba.

Daren na bakwai na zauna a benci.
Na tuna albashin wata biyar da nake bi,
na tuna 'ya'yan Lantana uku a makaranta,
na zura hannu a buhu.
Danƙi biyu.
Allah Yana gani, ni ma ina gani.

A kan motar suka zube, suka ƙirga.
Matar ta dube ni, ta yi murmushi.
Har yau ban sani ba, yarda ta yi,
ko ta san masara ba ta haihuwa a gwangwani.

Suka saya.
Fenti ya zo, tayil ya zo, sola ta hau rufi,
tantabaru suka koma wajen tashar jirgi.
Aka kankare sunan Barau daga goshin gini.
Ni aka ba ni riga mai igiya a kafaɗa
da albashi ran talatin, ba fashi.

Sannan takarda ta bi shago shago:
haya ninki uku, ta shekara biyu a dunƙule.
"Wurin yana da jama'a," in ji lauyansu,
"muna da lissafi a rubuce."

Obiora ya koma lungun kasuwar Sabon Gari.
Lantana kuwa, ni na ɗora kekenta a kura,
na ɗaure shi da igiyar guga.
Ta miƙo mini ɗari biyar,
ta ce, "Baba, kai dai ka riƙe mu da amana."

Yanzu wata na'ura ce a saman ƙofa
ke ƙirga ƙafafu, tana ƙifta jan ido.
Ba ta bin kowa albashi,
ba buhu kusa da ita.

Masarar na kai gida a aljihu.
Asabe ta ce a haɗa da ta niƙa, ai abinci ne.
Na ce a'a, watsa wa kaji.