Layin da Ba Ya Sauka

Ƙarfe tara na dare a Antofagasta.
Ofis ya watse, saura ni da kukan injin sanyi
da kofin da ya huce tun la'asar.
A gabana allo, a kan allon layi biyu:
shuɗi, da aka zana tun kafin a sari ƙasa,
ja, da nake ciyarwa kullum da hannuna.

Aikin ba shi da wuyar faɗi.
Ɗauki na yau, ɗora a kan na jiya,
na jiyan ma bisa kafaɗar shekaranjiya yake.
Raba da tsawon bututun gaba ɗaya,
kilomita ɗari da arba'in daga teku zuwa mahaƙar tagulla,
sai kashi ya fito.
An ce da yayyafi kogi kan cika.
A nan, inda ruwan sama kan shekara bai leƙo ba,
da mita muke cika namu kogin.

Layin kan fara da rarrafe,
ya miƙe, ya kama hawa ba waiwaye,
can kusa da ɗari ya sassauta
kamar tsohon da ya hango ƙofar gidansa.
Haka shuɗin yake, don shi bai taɓa shan rana ba.

Don Evaristo na son jan layin nan.
Duk Alhamis yakan haska shi a bango
ga masu kuɗi da ke kallo daga Santiago.
Yakan ce, abin da ya sa nake ƙaunarsa,
layin tarawa ba ya sauka;
ranar da ba a yi komai ba, kwanciya kawai yake yi.

Na san wuraren da ya kwanta.
Mako na goma sha ɗaya, iska ta hana ƙugiya ɗagawa.
Ga wani ɗan fili kuma a watan shida,
ranar da aka garzaya da Hipólito asibiti,
yatsunsa biyu cikin ledar ƙanƙara.
Allon ya karɓi wannan da sifili,
ya wuce.

Ɗazu saƙon Remigia Colque ya shigo,
ita ce mai duba walda, ba ta da dogon zance:
mita ɗari shida da ashirin sun tsage a mahaɗi,
a tono, a sake.
Na kai hannu in ɗebe,
akwatin ya ƙi. Ba ya karɓar abin da ya gaza sifili.
Ni na kafa masa wannan dokar bara,
har ina yaba wa kaina.

Waya ta yi ƙara.
Ximena, bar shi a kwance, in ji shi,
a ci bashin daga mako mai zuwa,
wa zai lura?
Na ce na ji. Ji kuwa na ji.

Na daɗe ina kallon tagar.
Fitilun tashar jiragen ruwa na rawa a kan baƙin ruwa.
Na tuna Remigia durƙushe cikin rami
da tocila a baki, tana bin tsaga da farce.

Na buɗe dokar, na goge ta.
Na sa ɗan gajeren zanen ɗebewa,
ƙarami, bai kai gashin gira ba.
Jan layin ya sunkuyar da kai:
sittin da ɗaya da ɗigo takwas
ya koma ɗigo huɗu.
Ɗan giɓi ne kawai, kamar haƙorin da ya ɓantare,
amma daga bayan ɗaki ma za a gan shi.

Gobe Alhamis.
Na ajiye, na kashe fitila, na manta jakata, na dawo.
A bakin titi motar ƙarshe ta riga ta wuce,
sai na taka ta gefen teku,
inda igiya ke zuwa ta koma, ta zo ta koma,
ba mai tara mata lissafi.