Hari da Haray

Kalma guda na sani a Zabarmanci,
ita ma a bakin rijiya na tsince ta:
hari, wato ruwa.
Da ita nake taƙama a aji uku,
a firamaren da ke bayan tashar Illela.

Bibata kan zauna gindin taga.
Gashinta ja-ja kamar gemun masara,
na ɗauka irin na gidansu ne.
In hantsi ya dubi ludayi,
ludayin wasu,
sai ta kifa goshi a benci,
ta faɗi wani abu can ƙasan maƙoshi.
Ni kuwa, gwanin yare,
in ce Dantani ya ɗebo mata a randa.
Ta sha. Ta gode. Ta koma ta kifa.

Zango guda cur ina shayar da ita.

Ran da ta zube a layin taren safe,
tsakanin baitin farko da na biyu,
na ɗauke ta,
sai na ji kamar na ɗauki tabarma.
A asibiti aka zagaya damtsenta da tef.
Malamar ta duba, ta sake dubawa,
ta ce: ɗiyan ga ta wuce shekara biyar,
gyaɗar leda ta ƙanana ce,
ba ta cikin lissafinmu.
Na ce to lissafin wa take ciki?
Ta gyara glas, ta kira na gaba.

Ubanta ya iso da kurarsa,
jarka goma, bai sayar da ko ɗaya ba.
Saini ga-ruwa, mai kafaɗa kamar turmi
da wuya kamar sillen kara.
Na ce kullum tana kiran hari, ina ba ta.
Ya daɗe yana dubana.
Ya ce: Malam, ruwa kam muna da shi.
Haray take cewa.
Ya dafa cikinsa don in gane.

Harafi biyu ke nan.
Ni da ke jan kunnen yaro
kan ƙugiyar ƙa da ɗa.

A rajista na sha rubuta mata: ba ta da ƙwazo.
Ban taɓa tambaya ba
me aka kaɗa a miyar jiya,
ko tafasa ce tsura, ba gishiri,
ko ƙanzo aka jiƙa aka raba wa mutum shida.

Yanzu ina ɓoye ƙosai uku a aljihun tebur.
Takan ci ɗaya da rabi,
ta ƙulle saura a bakin hijabi don ƙanenta.
Ta taga muna kallon manyan motoci,
wake da albasa har sama,
suna gangarawa kudu.
Tana ƙirga su da Hausa, ba kuskure.
Jiya ta kai goma sha bakwai
kafin barci ya ɗauke ta.