Kwari Farko

Shekara talatin da ɗaya ina guga
a ɗakin wanki na asibitin Svitavy.
Zanen gado, rigar likita, labulen ɗakin haihuwa,
babu ƙyallen da bai kwanta mini ba.
Don haka da maƙwabcina Vendelín ya buga bango da sandarsa,
na sauka ɗakin ƙasa ina taƙama.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi
hannun damansa ya zama baƙo a cinyarsa,
kalmominsa ba su fi cikin cokali ba.
Bisa tebur ga fiffike tsirara,
katakon balsa, haƙarƙari ashirin da biyu,
ba shi da nauyin busasshen burodi.
A bayansa leɓe biyu da ya manne da gam tun bara,
ba sa ɗagawa, ba sa sauka,
tsakaninsu da fiffike wani siririn kwari.

Ya nuna mini naɗin jar leda
da dutsen guga ɗan mitsitsi
wanda aka sa wa safar jariri.
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Na goge garin katako, na ɓare bayan ledar,
na shimfiɗa ta gaba ɗaya, daga goshi har leɓe,
na danna yadda nake danna wuyan riga.
Ashe yadi ne in ya ji zafi yake saki,
leda tsuke kanta take yi.
Ta ja, ta ɗaure, ta tashi daga cikin kwarin,
ta yi gada a kansa.
Na taɓa da hancin guga, ta huje.

"A'a," in ji Vendelín.
Sai can, da ƙyar: "Zdislava. Kwari. Farko."

Muka ɓare. Rabin naɗi ya tafi kwandon shara.
Na yanko tsiri, faɗin yatsa biyu,
na rage wuta,
na kwantar da shi cikin kwarin da gefen guga,
sannu, kamar mai lallashin ciwo.
Sannan leɓen shi kaɗai.
Sannan cikin fiffike, sannan gadon bayansa,
baki ya hau baki.
Ɗosana a wannan kusurwa, ja, ɗosana a waccan.
Shi da hagunsa, ni da nawa biyu,
hannu uku a kan fiffike ɗaya.

A ƙarshen fiffike, inda ya lanƙwashe,
leda ta tattare kamar goshin wanda aka ci bashinsa.
Ya ɗaga gira: ƙara wuta.
Ya sauke: ja.
Kafin shayi ya huce na iya karatun girarsa.
Kumfa guda ta ƙi ji,
na zaro allura daga ƙirjin rigata na soke ta,
ta yi ajiyar zuciya, ta kwanta.

Ƙarfe sha ɗaya na ɗaga masa shi gaban fitila,
haƙarƙari suka fito cikin ja
kamar hoton ƙirji a bangon asibitinmu.
Ya kanne ido ɗaya, ya leƙa ta baya.
Akwai 'yar murɗiya.
Ya karkata, na bi da zafi, muka jira, ya miƙe.
Ya ƙwanƙwasa da farce: tam.

Ya nuna waya biyu a rataye jikin ƙusa,
da mariƙin da gumi ya yi wa baƙi.
In ƙanƙara ta narke a fili,
sai wani ya tsaya tsakiya yana juyi
jirgi na kewaya shi.
Ya dubi ƙafafunsa. Ya dubi nawa.
Ni da ko lilo ke sa ni jiri.

Na zare guga daga wuta, na ce saura wutsiya,
gobe bayan cefane.
Ƙarƙashin leɓen hagu akwai tamoji guda, tsawon tsinke,
ban nuna masa ba.
Ina hawa matakala na ji yana shafa daidai wurin.